Ido Ba Mudu Ba: Sa, Karkiya da Garma a Karar Potiskum

Ranar Laraba a karar shanu ta Potiskum, tun kafin rana ta take tsaka ƙura ta riga ta turnuƙe, kuma mutum ba ya jin na kusa da shi sai ya ɗaga murya. Yawancin masu saye idonsu a kan nama yake. Falken da zai yi lodin tirela zuwa Legas ko Fatakwal yakan dafa bayan sa, ya matsa cinya, ya ƙiyasta abin da mahauci zai fitar a can, sannan ya taya. Idan aka ce albarka ya ƙara, idan aka sallama a shafa wa san alama da fenti, a kora shi wajen lodi. Cikin minti goma an gama.

Daga watan Afrilu zuwa farkon Yuni, lokacin da hadari ke haɗuwa ta gabas yana watsewa, ana ganin wani mai sayen na daban. Manomi ne, wataƙila daga wajen Fika ko Gadaka, ko daga ƙauyukan Nangere. Shi yakan fara tsayawa ne a bayan sa, ya dubi yadda ƙafafunsa suka sauka ƙasa, a miƙe suke ko kuwa gwiwoyin na gugar juna. Sai ya sa yaron dillali ya ja shi 'yan taku ya ga ko yana ɗingishi. Ya sa a buɗe masa baki ya ƙirga haƙora. Daga nan ya ɗora tafin hannu a kan wuyan, daidai gaban tozo, ya shafa a hankali kamar mai lalaben ƙaya. Ko ya gamsu ba ya tayawa tukuna. Juyawa yake yi ya kutsa cikin dubban shanu neman na biyu, domin shanun huɗa biyu-biyu ake sayensu, kuma samun na biyun nan shi ke cinye yini.

Potiskum, wadda Bahaushe kan kira Fataskum, tana kan babban titin da ya taso daga Kano ta Azare ya nufi Damaturu da Maiduguri, a nan kuma hanyoyin Bauchi da Gombe da Gashuwa suke haɗuwa da shi. Gari ne na Ngizimawa da Karekare da Bolewa. Sarkin Fika, wanda Bolewa ke kira Moi, ya dawo da fadarsa nan daga garin Fika a 1924. A cikin kara kunne kan ji Bolanci da Fulatanci da Barbarci da Larabcin Shuwa, amma idan aka zo yanke kuɗi da Hausa ake yankewa. Ana lissafa karar cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, shanu na shigo mata daga Borno da Nijar da Chadi. Ta ga baƙar rana a 2 ga Mayun 2012, lokacin da 'yan bindiga suka afka mata suka kashe gomman mutane, amma ta sake miƙewa.

Duk yawan dukiyar da ke sauya hannu a wurin, da ido ake cinikinta, ba da sikeli ba. Ido ba mudu ba ne, in ji masu magana, amma ya san ƙima. Idan falke ya yi kuskuren kilo 20 a kan sa ɗaya, zai fanshe a kan wani, tunda tirela guda ya cika. Manomi ba shi da wannan gatan. Kuskurensa zai bi shi gona, ya zauna tare da shi har kaka.

Dalili kuwa shi ne ƙarfin jan sa yana tafiya ne da nauyinsa. Masana aikin dabbobi sun daɗe da auna cewa lafiyayyen sa, wanda ya ƙoshi kuma ya horu, yana iya jure jan abin da ya kai kusan kashi ɗaya bisa goma na nauyin jikinsa, ko sama da haka kaɗan, na tsawon awa huɗu zuwa shida a rana. Yana iya fizgar abin da ya ninka haka na ɗan lokaci, misali idan garma ta ci karo da saiwa, amma ba zai yini a kai ba. Ke nan bijimai biyu masu kilo 300 kowanne za su ba da jan kilo 60 ko kusa da haka, har ma da ɗan ragi, domin biyun da aka haɗa ba sa taɓa ba da cikakken ninkin ɗaya. Idan ƙasar gonar jigawa ce, irin wadda ke ƙara yashi yayin da mutum ya nufi Jakusko da Gashuwa, wannan ya isa har da rara. Idan kuwa ƙasa ce mai tauri da danƙo, irin ta fadama ko ta wasu gonakin kudu wajen tuddan Fika, garmar nan guda tana neman ƙarfin da ya fi haka. Manomin da ya san ƙasarsa ya riga ya san girman san da ya zo nema tun kafin ya shigo kara.

Akwai hanyar sanin nauyin ba tare da sikeli ba, kuma kayan aikinta bai wuce tef ɗin tela ba. A zagaya shi a ƙirjin sa, daidai bayan ƙafafun gaba da bayan tozo, a rubuta santimita nawa ne. A sake auna tsawon jiki daga tsinin kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya. A ninka awon ƙirji da kansa, a ninka abin da aka samu da tsawon jiki, a raba da 10,840. San da ƙirjinsa ya kai santimita 160, tsawonsa 130, zai fito kilo 307 ko kusa. Ƙiyasi ne, yana iya saɓawa da 'yan kiloli sama ko ƙasa, amma ya fi rantsuwar dillali. Kusan kowace waya tana da na'urar lissafi yanzu, sai dai da wuya a ga mai saye ya zaro tef a tsakiyar kara. Wani zai ji kunya, wani kuma yana tsoron a ce baƙo ne a harkar, a tsuga masa kuɗi.

Can nesa, a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni a jere, akwai masu wata sana'a da za su fahimci wannan manomi nan take. A Norway da Sweden da Finland mutane na cin doguwar tafiya a kan wasu siraran katakai biyu da ake maƙalawa a takalmi, suna zamewa a kan dusar, suna tunkuɗa kansu da sanduna. A Sweden akwai tseren da ake kira Vasaloppet, kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, wanda ake yi tun 1922. Ko Najeriya ta taɓa leƙa fagen: Samuel Ikpefan, wanda ya tashi a Faransa, shi ne ya fara wakiltar ƙasar a irin wannan tsere, a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Beijing a 2022.

Wanda ya shiga shagon sayar da katakon zamiyar nan, tambayar farko da za a yi masa ita ce kilo nawa yake. Katakon ba a shimfiɗe yake ba, tsakiyarsa a ɗan gantsare yake kamar baka. Idan mutum ya raba nauyinsa a ƙafa biyu, dole tsakiyar ya ɗage daga ƙasa domin ya zame ba tare da tirjiya ba. Idan ya tattara nauyin duka a ƙafa ɗaya, dole tsakiyar ya danne ya kama dusar domin ya samu abin dogarawa ya tunkuɗa gaba. Aka ba mara nauyi katako mai tsawo da tauri, ba zai iya danne shi ba, da ya zo hawan tudu sai ya riƙa sulɓewa baya. Aka ba ƙato gajere mai laushi, kullum tsakiyar na gugar ƙasa, ya gaji tun tafiya ba ta yi nisa ba. Tsohuwar ƙa'ida ita ce a ƙara santimita 20 zuwa 25 a kan tsawon mutum, amma yanzu kamfanoni na rubuta iyakar nauyin da kowane tsawo ya dace da shi. Gwajin da masu shago suka gada kuwa da takarda ake yinsa: mutum ya tsaya a kan katakan biyu a daɓe mai santsi, a zura takarda ƙarƙashin ƙafarsa. Idan tana yawo yana kan ƙafa biyu, ta kuma maƙale da zarar ya koma kan ƙafa ɗaya, katakon nasa ne.

Abin da mai shagon can ke yi da sikeli da takarda, shi manomin Fika ke yi da ido da tafin hannu. Bambancin kawai, nasa itacen a wuyan dabba zai hau, kuma dabbar ba za ta iya cewa ya matse ta ba.

Karkiya abu ne mai sauƙin gani: gungumen ice miƙaƙƙe, an fere shi ya yi santsi, an huda shi wuri huɗu. Ta cikin hudojin ake zura sanduna ko ƙarafa biyu-biyu da ke sauka ta gefen wuyan kowane sa, a ɗaure su da igiya ta ƙasa. A tsakiya kuma ake ɗaura sarƙar da ke jan garma. Shanunmu masu tozo ne, saboda haka itacen na zama ne a gaban tozon, da can suke turawa. A ƙasar Gini, inda ake noma da ƙananan shanun Ndama marasa tozo, a ƙaho ake ɗaure karkiyar su ja da kai.

Tsawon itacen shi ne wurin da mutane da yawa ke ɗauka an yi shi ne kawai yadda ya samu. Alhali lissafi ne tsantsa. Lokacin huɗa, garma na tafiya daidai bayan tsakiyar karkiya, tana tsaga sabon kwari tana watsa ƙasa dama da hagu. Ɗaya daga cikin shanun yana bin kwarin da aka tsaga a zagayen baya. Saboda haka tazarar da ke tsakanin tsohon kwari da sabo rabin tazarar da ke tsakanin wuyan shanun biyu ce, ba ƙari ba ragi. Malaman gona kan ba da shawarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya ga dawa da wake da gyaɗa. Mai son haka dole ya sa tsakanin wuya da wuya ya zama santimita 150. Idan masassaƙi ya rage ya mayar da shi 120, kunyoyin za su fito a santimita 60, shuka ta cunkushe, aikin kuma ya ƙaru. A tazarar 75, huɗar hekta ɗaya tafiyar kilomita 13 ce da 'yan kai ga shanu da mai riƙe da garma da yaron da ke kora su. A tazarar 60 ta kusa kilomita 17. Ga dabbar da saurinta a bakin aiki bai cika wuce kilomita uku a awa ba, wannan ƙarin ya haura awa guda a cikin zafin rana.

Amfanin wannan lissafi yana sake bayyana bayan shuka ta tashi, idan aka dawo da garma a tayar da kunya a binne ciyawa. Da karkiyar da aka yi huɗa da ita, sa ɗaya zai bi kwari, garma ta bi na gaba, ɗaya san ya bi na uku, babu wanda ya taka shuka. Manomin da tasa ta karye ya je ya aro ta maƙwabci mai wani tsawon daban, shi ne za a ga shanunsa na tafiya a kan kunya suna murƙushe wake, yana ta zagin dabbobin da ba su da laifi. Karkiyar amalanke kuma daban ce, gajeriya, domin shanun su matso kusa da sandar ja su iya bin lungu da ƙunƙuntar hanya.

To ina nauyin sa ya shigo? Ta wurare uku, kuma duk ukun masassaƙi ba zai iya yanke su ba sai ya ga dabbar ko an kwatanta masa ita. Na farko kaurin itacen. Doguwar karkiya ta fi gajeriya saurin lanƙwasa da karyewa, don haka tana son ice mai kauri, ice mai kauri kuma nauyi ne a wuyan ɗan bijimin da bai gama girma ba. Shi ya sa ake neman icen da ya haɗa ƙarfi da rashin nauyi, a kuma bar shi ya bushe sarai. Darbejiya na cikin waɗanda aka fi samu a hannu, itaciyar da ita kanta baƙuwa ce: a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, wanda Potiskum ke cikinsa a lokacin. Na biyu faɗin da ke tsakanin sanduna biyun da suka rungumi wuya. Ya yi kaɗan, ya shaƙe san ya goge masa fata. Ya yi yawa, itacen ya riƙa rawa yana bugun ƙashin kafaɗa da kowane taku. Ko wanne aka samu, ƙarshensa miki ne, kuma san da ya yi miki a wuya a tsakiyar damina ya tashi daga aiki mako biyu ko fiye, daidai lokacin da kwana ɗaya ke da tsada. Wannan tabon ne manomin nan ke lalabe da tafin hannu a kara.

Na uku tsawon sarƙa. Dogon sa yana ɗaga karkiya sama, sai sarƙar ta miƙe tsaye-tsaye ta riƙa ɗago bakin garma daga ƙasa. Maganinsa a ƙara mata tsawo. Gajeren sa kuma idan aka bar masa doguwar sarƙa, bakin garmar nutsewa zai yi fiye da kima, jan ya yi masa yawa. Gwanin huɗa yakan gane haka ta hannunsa: garmar da aka daidaita kusan tafiya take da kanta, mutum riƙe ta kawai yake yi. Wanda aka gani yana danna mariƙi da ƙarfi ko yana ɗaga shi tun daga wannan kan gona har wancan, gumi na zuba, yawanci ba ƙasar ce ta yi masa gardama ba, zobe biyu ko uku ne na sarƙa bai gyara ba.

Duk wannan idan an dace da shanu biyu masu kai ɗaya ke nan. Dillali yakan nuna wasu farare biyu ya ce, "Alhaji, ai waɗannan tagwaye ne, garke ɗaya suka fito." Wanda ya san kan abin sai ya amsa, "Kama da wane ba ta wane, Malam. A ja su tare mu gani." Launi ɗaya da ƙaho iri ɗaya ba sa huɗa. Abin dubawa shi ne tsayi a kafaɗa, da faɗin ƙirji, da tsawon taku, da hali. Idan ɗaya ya fi ɗaya tsayi, karkiya za ta karkata, nauyinta ya zubo wa gajeren. Idan ɗaya ya fi sauri, zai riƙa shiga gaba, itacen ya juya, sandunan su murɗe wuyan na bayan.

Akwai dabara ga wanda aljihunsa bai kai ga biyu masu kai ɗaya ba, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar buhu a sanda shi da ƙaninsa ya san ta: ana matsar da kayan kusa da babba. A ce babban sa kilo 340 ne, ƙaramin 260. Idan aka gusar da maɗaurin sarƙa santimita 10 daga tsakiya zuwa wajen babban, ya zama tsakaninsa da ita 65, tsakaninta da ƙaramin 85, to babban zai ɗauki kusan kashi 57 cikin ɗari na jan, ƙaramin ya ɗauki 43, daidai da rabon nauyinsu. Sai dai gyaran na da farashi. Garma ta bar tsakiya, don haka kunyoyin ba za su fito da tazara ɗaya ba. A amalanke ko wajen horar da sabon sa kusa da tsoho dabarar na da kyau. A gonar da za a dawo a yi wa noma da garma, gara a yi haƙuri a nemo biyun da suka dace.

Irin san ma abin dubawa ne. Bunaji, fararen nan na Fulani, su suka fi yawa a bakin garma a Arewa. Bokolo na ƙasar Sakkwato, masu guntun ƙaho da kaurin jiki, an san su da sanyin hali. Rahaji, jajayen nan dogaye masu manyan ƙahoni da ke cika karar Potiskum, suna da kyan gani da juriyar tafiya, amma ba su cika son a takura su ba, kuma ƙahonin kansu matsala ne idan aka haɗa biyu a gajeren ice. Haƙoran da manomi ke ƙirgawa kuwa shekaru yake karantawa. Sa ba shi da haƙoran gaba a sama. Takwas ɗin ƙasa yana sauya su biyu-biyu, daga wajen shekara biyu har zuwa biyar ko kusa. Mai manyan haƙora biyu ko huɗu shi ake so: ƙashinsa ya yi ƙwari, kansa bai yi taurin da zai ƙi horo ba, kuma yana da sauran girma a gaba.

Noma da shanu ba tsohon abu ba ne a nan kamar yadda yake a Habasha, inda aka shafe dubban shekaru ana yi. Kakanninmu sun san takarkari mai ɗaukar kaya, amma gona da hannu ake yinta. A shekarun 1920 ne ma'aikatan gona na Turawan mulkin mallaka suka fara gwada garmar shanu a Arewa, da nufin a ƙara gyaɗa da audugar da ake fitarwa waje, daga baya aka riƙa ba manoma bashin shanu da garma ta hannun En'e. Garmar da ta zauna da gindinta ita ce Emcot, mai fukafukai biyu da ake buɗewa ko a tsuke, da 'yar taya a gaba. Yau maƙera da masu walda na ƙera irinta a garuruwa da yawa, wani lokaci da ƙarfen tsohuwar mota. Wannan ya sauƙaƙa farashi, ya kuma jawo wata matsala: ba kowace ke fitowa da nauyi da kusurwa irin na asali ba, saboda haka garma biyu masu kama ɗaya a ido na iya bambanta ƙwarai a wuyan sa. Tarakta ta zo, an yi ta murna, amma ga mai hekta biyu ko uku wanda zai bi layi ya jira ta, ga tsadar man dizal, ga ruwan da ba ya jiran kowa, sa bai tsufa ba tukuna.

Sai babban tarkon, wanda ya fi kama sabon shiga. Nauyin da aka saya a Afrilu ba lalle shi ne zai shiga gona a Yuni ba. A wannan yanki damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma aikin da ya fi kowanne nauyi yana faɗowa ne a farkonta, daidai lokacin da dabba ta fito daga wata bakwai ko takwas na rani, ciyawa ta ƙare, sabuwa ba ta tashi ba. Sa na buƙatar busasshen abinci da ya kai wajen kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyinsa kowace rana, wato kilo bakwai da rabi ga mai kilo 300, kuma karan dawa zalla ba ya riƙe jikin mai aiki. Wanda ya ɓoye harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa tun kaka, ya tanadi dusa da kanwa, shi ne shanunsa ke fita huɗa da ƙarfinsu. Wanda bai tanada ba, san da ya saya a kilo 300 na iya zubewa ya koma 260, wato kilo huɗu na ƙarfin ja sun tafi daga kowane ɗaya, wuyan kuma ya rame har sandunan da aka auna masa sun yi masa yawa. A nan ne ake ganin sa ya durƙusa a tsakiyar kunya ya ƙi tashi, yaro na ta zabga masa tsumagiya. Masu hankali kan fita tun asuba, su kwance shanun kafin rana ta yi zafi, su tsuke fukafukan garma a kwanakin farko har jikin dabbar ya dawo.

Wanda ya iya wannan duka, shanun huɗa sun fi masa asusun banki. Ya gama tasa gonar, ya yi wa maƙwabta huɗa a biya shi. Da kaka ya ɗaura amalanke ya kwaso amfanin gona, da rani ya yi jigilar ruwa da taki da tubali. Kashinsu ya koma gona. Abin da ke hana shi barci shi ne ɓarawo, shi ya sa da yawa ke ɗaure su a cikin gida, kusa da ƙofar ɗaki, maimakon a bayan gari.

Bayan damina uku ko huɗu, 'yan bijiman da aka sayo suna rawar ƙafa sun zama manyan shanu, tozo ya cika, wuya ya yi kauri. Mai su yakan turke su 'yan watanni ya ƙara musu dusa, sannan wata Laraba ya koro su Potiskum. A wannan karon falken nan mai matsa cinya ne zai taya, su hau tirela su yi kudu. Da kuɗin manomin zai sayi wasu ƙanana biyu, ya yi ragowar da zai rufa ɗaki da kwano ko ya yi hidimar aure. Idan ya koma gida zai jawo tsohuwar karkiyar daga inda ta jingina a zaure, itacen ya yi baƙi ya yi sheƙi a wurare biyun da wuya ya goga. Tsawonta na nan daidai, tunda kunyoyin gonar ba su sauya ba. Hudojin ne suka yi wa sababbin faɗi, sai ya saɓa ta a kafaɗa ya kai wa masassaƙi a huda wasu daga ciki, yatsa biyu ko uku kusa da na da.